Ɗandume: Daga Rumbu Zuwa Buhu



Gabatarwa

An saba rubuta tarihin ƙasar Hausa daga fada, watau a jero sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙensu da ganuwowin da suka gina. Wannan tarihi yana da amfaninsa, amma ya kan bar mutanen da suka noma abin da fadar ta ci. Wannan lacca za ta duba gari guda daga cikin garuruwan manoma, watau Ɗandume, wanda ke kudancin Jihar Katsina, domin a ga yadda zaman jama'arsa ya yi ta sauyawa cikin shekaru ɗari da 'yan kai.

Tambayar da za a bi ita ce: idan an gama girbi, a hannun wa hatsi yake kwana? A dā yana kwana a rumbun mai gida, kuma shi ke yanke shawarar ranar da za a buɗe. A yau yawancinsa yana shiga buhu, ya nufi kasuwa tun kaka ba ta ƙare ba. Tsakanin rumbun nan da buhun nan akwai zamanin dawa, da zamanin auduga, da zamanin masara, kuma kowannensu ya bar alamarsa a gida da gona da unguwa.

Ƙasar da mutanenta

Ɗandume tana yamma maso kudu da Funtuwa, a kan hanyar da ta bi ta Sabuwa ta nufi Birnin Gwari. Ƙaramar hukumar da aka sa wa sunan garin an cire ta ne daga Funtuwa a 1996. Faɗinta kimanin murabba'in kilomita 422 ne, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum kimanin 145,000. Daga cikin garuruwanta akwai Mahuta da Ɗantankari da Tumburkai da Magajin Wando. Hakimin ƙasar yana riƙe da sarautar Katukan Katsina.

Wannan yanki shi ne masana tarihi ke kira Katsinar Laka, domin a bambanta shi da jigawar arewa. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya yi bayaninsa a littafinsa na tarihin Katsina wanda aka buga a 1981. Ƙasar tana da nauyi, tana riƙe ruwa, kuma ruwan sama ya kan kai kimanin milimita 1,000 a shekara, daga watan Mayu zuwa Oktoba. Saboda haka abin da ba ya yi a Daura ko Jibiya sai da wahala, a nan yana yi: dawa mai dogon kwana, auduga, rake da shinkafa a fadamu, daga baya kuma masara.

Babban garin yankin a zamanin dā shi ne Maska, wadda ta yi suna wajen saƙa da rini. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa noman auduga a nan ya girmi zuwan Turawa da nisa. Mutanen ƙasar kuwa gauraye suke tun asali. Akwai Hausawa manoma, Musulmi da Maguzawa, akwai Fulani na gida da na daji, akwai kuma baƙi waɗanda suka yi ta gangarowa daga arewa suna neman gona, musamman a shekarun da damina ta ƙi, irin su yunwar Kakalaba ta 1914 da farin 1973. Baƙo ya kan je wurin mai unguwa ko dagaci, a nuna masa daji, ya yi sassabe, ya kafa bukka. Bayan 'yan shekaru sai wurin ya zama unguwa mai sunansa. Yawancin ƙauyukan da ake kira Unguwar Wane ta haka suka samu.

Zamanin dawa: gandu da rumbu

Tushen zaman ƙauye a wancan lokaci shi ne gandu. Mai gida da 'ya'yansa maza, har da masu aure, wani lokaci da ƙannensa, suna noma babbar gona tare. Abin da aka samu ya shiga rumbun gida. Daga cikinsa ake ci, a biya haraji, a yi wa saurayi auren fari, a yi hidimar suna. Kowane baligi kuma yana da gayaunarsa, wadda yake nomawa da yamma ko a ranar da aka ware masa, abin da ta bayar nasa ne. Tsarin yana da wuya ga matashi, domin guminsa na hannun wani, amma yana da tabbaci: muddin rumbu bai ƙare ba, babu wanda zai kwana da yunwa a gidan.

Shekarar manomi a tsare take. Da bazara a yi sharar gona a kai taki. Ruwa ya sauka a yi shuka, sa'an nan noman firi, da maimai, da huɗa. Ba a shuka abu ɗaya a gona: gero da dawa da wake su kan zauna a kunya guda. Malaman gona na zamanin Turawa sun daɗe suna ɗaukar wannan a matsayin rashin sani, har sai da binciken da masanan Samaru suka yi a ƙauyukan Zariya a ƙarshen shekarun 1960 ya nuna cewa dabara ce mai tushe. Gero ya kan nuna da wuri ya kashe yunwar tsakiyar damina, dawa ta zo daga baya ta cika rumbu, wake ya ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsa kuma ta ciyar da dabbobi.

Aikin da ya fi ƙarfin gida ɗaya sai a kira gayya. Mai gona ya dama fura ya tuƙa tuwo, samari su taru da makaɗi, a gama da rana ɗaya abin da zai ci mako. Haka ake yi wa suruki, haka ake yi wa maras lafiya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da kaka a ɗaure dawa dami-dami, a fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, a ba malamai da mabukata. Wanda ya noma dami dubu ya kan yi biki, kuma daga irin waɗannan ake naɗa Sarkin Noma. Wanda abincinsa ya yanke kafin kaka ya kan ci falle wurin mai hali, watau ya karɓi hatsi ko kuɗi ya biya da dami idan an yi girbi. Kada a ɗauka wancan zamani ba shi da zalunci. Akwai bauta, akwai hare-hare, kuma falle ya sha jefa talaka cikin bashin da ba ya fita. Abin lura dai shi ne mai bin bashin da wanda ake bi suna unguwa ɗaya, suna salla a masallaci ɗaya, hatsin kuma bai bar garin ba.

Tsakanin manomi da makiyayi ma akwai ciniki. Bayan girbi Fulani su kan sauka a gona, shanu su ci kara su bar taki, mai gona ya ba da hatsi, matan Fulani su kawo nono. Akwai burtali da mashaya waɗanda kowa ya sani. Ɓarna ta kan faru, amma akwai dagaci da arɗo da za su zauna su kimanta ta.

Zamanin auduga

Turawan Ingila sun ci Katsina a 1903. Shekara guda kafin haka, a 1902, masu masaƙun Ingila sun kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga wadda aka fi sani da BCGA, domin su rage dogaro da audugar Amurka. Idonsu ya faɗa kan ƙasar Zazzau da kudancin Katsina. Aka kawo irin Allen daga Amurka, aka buɗe gonar iri a Daudawa, aka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi. A 1915 Sarkin Maska ya tashi daga Maska ya koma Funtuwa, sa'an nan hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wadda aka gama a 1929, ta ratsa ta Funtuwa. Daga nan sai akalar yankin duka ta juya ta fuskanci tashar jirgi.

Abin da ya sa manomi ya shiga wannan noma shi ne haraji, wanda aka ce lalle a biya shi da kuɗin Bature. Mai gida ya ga ba shi da hanyar samun kuɗin sai ya ware wa auduga wuri. Amma bai ba ta gaba ba. Malamin gona ya kan ce a shuka ta a watan Yuni, manomi kuwa sai ya gama da gero da dawa tukuna, ya shuka ta a Yuli. An yi shekaru ana kiran wannan taurin kai, alhali lissafi ne: auduga ba ta shiga tukunya, kuma farashinta wani ne ke yanke shi a wani wuri. Daga 1949 hukumar ciniki ta gwamnati ce ke sa farashin, ana saye a kasuwannin auduga da aka keɓe, inda ake duba kaya a raba su daraja-daraja kafin a ɗora a sikeli. Rarar da hukumar ta tara an yi ayyuka da ita a Jihar Arewa, amma kaɗan ne daga cikinsu suka iso ƙauyen da ya noma audugar.

Duk da haka auduga ta kawo abubuwa biyu da suka zauna. Na farko garmar shanu, wadda Ma'aikatar Gona ta fara yaɗawa tun ƙarshen shekarun 1920, kuma ta karɓu a wannan yanki fiye da wurare da dama. Mai shanun huɗa ya kan noma abin da ya ninka na mai fartanya, ya kuma yi wa maƙwabta huɗa a biya shi. Na biyu kuɗi a hannun matasa. Saurayin da ya sayar da audugar gayaunarsa ya sayi keke, ya ga zai iya yi wa kansa aure, sai igiyar gandu ta fara sassautawa. Ba rana ɗaya ta tsinke ba, amma tun daga lokacin gandun 'yan'uwa ya kan watse da zarar uba ya rasu, a raba gona.

Zamanin masara

Kafin shekarun 1970 masara abar bayan gida ce. Ana shuka ta inda ake zubar da shara, a gasa ta ɗanya, ba a lissafa ta cikin abincin shekara. Abin da ya sauya wannan shi ne Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa, wanda aka gudanar daga 1975 zuwa 1980 da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin irinsa uku na farko a Nijeriya, tare da na Gusau da na Gombe. Ya shafi gundumomin Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari, Ɗandume kuwa a lokacin tana cikin ƙasar Funtuwa. Shirin ya yi hanyoyin karkara, ya gina madatsun ruwa, ya buɗe cibiyoyin sayar da kayan noma kusa da ƙauyuka. Ya zo daidai da kuɗin man fetur, lokacin da gwamnati ke ɗauke wa manomi mafi yawan kuɗin takin zamani, kuma daidai da fitowar farar masara mai suna TZB daga cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan.

Masu shirin sun sa rai ga auduga da dawa, manoma kuwa suka kama masara. Dalilansu a fili suke. Idan ta sami taki ta kan ba da abin da dawa ba ta bayarwa a gona mai faɗi ɗaya, ta kan nuna da wuri, ana tuwo da ita, ana kuma sayar da ita a kowace kasuwa ba sai an jira ma'aunin gwamnati ba. Da aka hana shigo da masara daga waje a 1985, masu kiwon kaji da kamfanonin abinci na kudu suka juyo arewa. Da aka rushe hukumomin ciniki a 1986, ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki, auduga ta rasa mai tabbatar da iri da farashi, daga baya kuma masaƙun Kaduna da Kano suka yi ta rufewa. Gonakin auduga da yawa suka koma na masara, sa'an nan waken suya da shinkafa suka biyo baya.

An yi wa shirin Funtuwa suka tun yana gudana, cewa ya fi amfanar manyan manoma, watau attajirai da masu sarauta da ma'aikata, waɗanda suka fi kusa da taki da tarakta da rance. Sukar tana da gaskiya a cikinta. Daga wannan lokaci gona ta zama abin saye da sayarwa da jingina da haya fiye da dā, gayya kuma ta ja baya, ƙwadago ya maye gurbinta. Amma gaskiya ne kuma cewa ƙaramin manomi ya ga kuɗin da ubansa bai taɓa gani ba. Rufin kwano ya maye jinka, babur ya maye keke, mutanen ƙauye suka fara zuwa aikin hajji da kuɗin gona. A 1979 kuma gwamnatin Alhaji Balarabe Musa ta Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har 1987, ta soke haraji da jangali, aka sauke wa talaka nauyin da ya ɗauka shekara saba'in.

Sai dai masara ta zo da sharaɗi. Dawa ta kan yi haƙuri da ƙasa maras ƙarfi, masara ba ta yi. Ba ta kuma jure dogon ajiya a rumbu kamar damin dawa, domin ƙwari na cin ta idan ba a sa magani ba. Manomi ya ci bashin taki da ƙwadago da damina, saboda haka da kaka dole ya sussuke ya zuba a buhu ya kai kasuwa, a daidai lokacin da kowa ke kaiwa, farashi yana ƙasa. Wanda ya saya ya ajiye a sito shi ke cin ribar bazara. Ba abin mamaki ba ne a ga mutumin da ya sayar da masara a watan Nuwamba yana awon tiya a watan Yuli da tsada.

Kasuwa da zaman gari

Masara ce ta ɗaga kasuwar Ɗandume har ta shiga sahun manyan kasuwannin hatsi na arewa, waɗanda 'yan jarida da 'yan kasuwa ke tambayar farashinsu kafin su faɗi yadda abinci yake a ƙasa. Ranar kasuwa manyan motoci su kan yi layi, ana lodi zuwa Kano da Ibadan da Legas da garuruwan gabas. Buhu ɗaya ya kan bi ta hannaye da yawa kafin ya hau mota: mai injin casa, mai kura ko amalanke, mai awo, dillali, mai ɗinkin buhu, ɗan dako, ɗan kamasho. Kowannensu yana da iyali, kuma kowace sana'a tana da shugabanta da ƙa'idarta. Yawancin cinikin a kan amana yake tafiya. Dillali ya san manomi ya san baƙo, shi ne shaida, shi ne lamuni, sunansa kuma shi ne jarinsa.

Mata ba su cika fitowa kasuwar ba, amma suna cikinta. Daga cikin gida suke sayen hatsi da kaka su ajiye, su yi kiwon tumaki da awaki, su yi ƙuli-ƙuli da awara da ƙosai, su yi adashi. Bikin da mace ke kai wa 'yar'uwarta ranar aure ko suna bashi ne da ake rubutawa a zuci, ana mayar da shi da ƙari. A gidaje da yawa, idan rumbun mai gida ya ƙare da damina, tunkiyar uwargida ce ke sayen buhun taki na biyu.

Sauran ginshiƙan zaman gari suna nan. Akwai mai unguwa da dagaci da hakimi, waɗanda dokar ƙananan hukumomi ta 1976 da dokar mallakar ƙasa ta 1978 suka rage wa iko a takarda, amma har yanzu wurinsu ake fara kai rikicin iyakar gona da na gado. Akwai liman da makarantar allo, da Islamiyya, da makarantar boko wadda ta yaɗu bayan shirin ilmin firamare na bai ɗaya na 1976. Akwai ƙungiyoyin samari masu gyaran maƙabarta da kwalbati. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ƙasa. Idan aka raba yawan mutanen 2006 da faɗin ƙaramar hukumar, za a sami fiye da mutum 340 a kowane murabba'in kilomita, kuma an ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Gonar da kaka ya sassabe an raba ta sau biyu ko uku. Ba a barin saura ta huta, an shiga burtali da mashaya, kuma takin zamani ya sa manomi ya daina bukatar shanun Bafulatani a gonarsa. Cinikin da ya haɗa su shekaru aru-aru ya mutu ba tare da an sa wani a madadinsa ba.

Shekarun tashin hankali

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Satar shanu da ta yi ƙamari a dazuzzukan Zamfara da Birnin Gwari tun farkon shekarun 2010 ta rikiɗe ta zama fashi da satar mutane don kuɗin fansa, kuma Ɗandume ta shiga jerin ƙananan hukumomi takwas na Jihar Katsina da ke bakin daji, tare da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara da Ɗanmusa da Safana da Batsari da Jibiya. Dalilan fitinar suna da yawa, har da yawaitar makamai da raunin shari'a da talauci, kuma Fulani makiyaya na cikin waɗanda suka fara rasa dukiyarsu a cikinta.

A watan Disamba na 2020, mako guda bayan sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara, 'yan bindiga suka tare ɗaliban Islamiyya kimanin 80 na garin Mahuta suna dawowa daga Mauludi. Mutanen gari da 'yan sintiri da jami'an tsaro suka bi sawu a daren, aka kuɓutar da yaran. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Ɗandume, aka kuma taƙaita sayar da man fetur da cinikin dabbobi na wani lokaci. A watan Oktoba na 2023 gwamnatin jiha ta ƙaddamar da rundunar tsaro ta 'yan ƙasa, a 2025 kuma ƙananan hukumomi da dama suka yi zaman sulhu da 'yan bindigar.

Ɓarnar da aka yi wa noma ta wuce abin da ake ƙirgawa. An sace shanun huɗa, waɗanda su ne jarin matsakaicin manomi. An bar gonakin nesa, waɗanda su ne manya. An sayar da gona da hatsi don biyan fansa. Mutanen ƙananan ƙauyuka sun taso sun cika Ɗandume da Funtuwa. Mafi muni, cikakken rumbu ya zama abin tsoro, domin yana nuna cewa mai shi yana da abin biya. Wanda a dā zai yi alfahari da damunansa, ya koma gaggawar sayar da su. A kan wannan kuma aka ɗora tsadar taki da sufuri bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Hatsi ya yi tsada ƙwarai a 2024, gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da abinci ba haraji na wani lokaci, farashi ya faɗi a 2025 alhali taki bai sauko ba. Mai saye a birni ya sami sauƙi, wanda ya noma da bashi kuwa ya ƙirga asara.

Kammalawa

Idan aka dubi waɗannan zamuna uku za a ga cewa manyan shawarwari daga waje suka riƙa zuwa: daga masaƙun Ingila, daga hukumar ciniki, daga Bankin Duniya, daga Legas da Abuja. Za a kuma ga cewa manomin wannan yanki bai taɓa karɓar abu ido rufe ba. Ya jinkirta auduga don ya tsare abincinsa, ya ɗauki garma da ya ga amfaninta, ya zaɓi masara ba tare da an umurce shi ba. Abin da ya rasa a hanya shi ne ikon riƙe amfaninsa har ranar da ya ga dama.

Saboda haka duk shirin da za a kawo wa Ɗandume da ire-irenta ya kamata a auna shi da wannan ma'auni. Na farko tsaro, domin sai da shi gona da rumbu ke da ma'ana, kuma tsaron ba zai ɗore ba sai an koma an shata burtali da mashaya, an kuma hukunta mai laifi ko wane ne shi. Na biyu ajiya da rance: sito na haɗin gwiwa inda manomi zai ajiye buhunsa ya karɓi wani abu a kansa, ya biya bashin damina ba tare da ya karyar da kayansa da kaka ba. Na uku ƙasa kanta, wadda ta gaji da masara a kan masara, tana bukatar a riƙa juya ta da waken suya da wake da gyaɗa, a kuma komo da takin gargajiya. Na huɗu ya shafi jami'a kai tsaye. Dattawan da suka ga ma'aunin auduga da idonsu, suka kuma sayi buhun taki na farko a 1975, suna ƙarewa. Ɗaliban tarihi da na aikin gona da na nazarin zaman jama'a, musamman 'yan asalin yankin, su ne ya wajaba su je su zauna da su, su rubuta yadda aka kafa kowace unguwa da yadda kowace gona ta sauya hannu, tun ana iya tambaya.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da ƙasa lafiya.